Keken Papa a Gangaren Ogbor

Aba, 6 ga Mayu

Zuwa ga yayana, Dede Okezie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Ugonma da yara. Yaya aiki a Fatakwal? Mu dai nan ba lafiya ba, kuma ka sani, tunda ka kira kowa a waya ban da ni.

Yau kwanan Papa huɗu a asibiti. Ƙashin kafaɗa ya karye, goshi ɗinki bakwai. Keken batir da na haɗa masa da hannuna bayan ƙafafunsa sun mutu, shi ya kwashe shi a gangaren Ogbor ranar Lahadi, ya zuba shi a kwata gaban mai gasa masara. Waɗanda suka gani sun ce yana ta murɗa maɓallin gudu baya, keken ko gezau.

Gwaggonmu Daa Erinma ta tsaya tsakiyar ɗakin marasa lafiya ta ce, "Ga abin da ake samu in mace ta bar tukunya ta kama waya. Ta ɗora ubanta a kan batir kamar rediyo!" Kowa ya ji. Washegari shugabar ƙungiyar naƙasassu, wadda ta ce in haɗa musu kekuna biyar, ta aiko cewa in dakata tukuna.

Shekarata goma sha ɗaya a wannan sana'a, Dede. Ban tsaya kuka ba, shago na wuce na kwance keken. Batir biyun lafiya lau. Na ba injin wuta kai tsaye, ya juya. Burushin gawayin da ke cikinsa sun ɗan cinye, amma da sauransu. Sai na buɗe kwantirola, akwatin nan na gefen kujera mai auna wa injin wuta. Warin ƙuna ne ya tarbe ni. Transisto biyu, masu buɗe wuta da rufe ta, sun ƙone sun manne. In suka mutu haka, ba yanke wutar suke yi ba, sakinta suke yi gaba ɗaya. Shi ya sa maɓallin ya zama ado, birki kuma ya kasa.

To me ya ƙona su? A cikin akwatin akwai ɗan sukurun da ke iyakance gudu. Na saita shi daidai tafiyar mutum a ƙasa, na ɗiga masa jan farcena don in gane in an taɓa. An fasa jan farcen, an murɗe sukurun har ƙarshe. A mazaunin fiyus kuwa wayar tagulla na tarar an nannaɗa.

Wa ya tsaya a tsakar gida lokacin Ista yana dariya, yana cewa, "Ulumma, wannan keke ne ko rakiyar gawa?" Wa ya ari sukudirebata, wai zai gyara fanka, har yau ban gan ta ba? Ka kusa kashe ubanmu, ka koma Fatakwal ka yi shiru ana zagina. Ka zo ka faɗa da bakinka a gaban Daa Erinma, ko in kai akwatin taron dangi in ajiye a kan tebur.

Ki gaida yara, Ugonma, in ke ya ba wa ki karanta.

Ƙanwarka,
Ulumma

Aba, 15 ga Mayu

Dede Okezie,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan zazzaɓin ƙaramarku ya sauka. Amsarka ta iso ta hannun direban bas, layi uku: ba ka taɓa ba, sukudireba a hannun Papa ka bar ta, kuma hankalina ya gushe. Biyun farko gaskiya ne.

Ranar Alhamis na kai wa Papa farfesun kifi, na tarar da abokinsa Mazi Nwogu, tsohon nan mai keken hawa Raleh, zaune a bakin gado. Bai ga shigowata ba. Yana dariya har da riƙe ciki, yana cewa, "Ka dai riga ni isa ƙasan gangare, amma coci muka ce, ba kwata ba. Buta ɗaya ta bammi, ka tanada!"

Ashe tsere suka shirya. Tsofaffi biyu, kowa ya haura saba'in! Papa ne ya buɗe akwatin da sukudirebar da ka bar masa. Da ya ƙara gudun, fiyus ya riƙa tsinkewa a hawan tudu, sai ya yi masa irin gyaran da suke yi wa babbar mota a daji.

Na ajiye kwanon. Na ce, "Papa, kana kwance a nan Daa Erinma ta wanke ni tas, ka rufe ido kamar mai barci?"

Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Shekara talatin da biyu ina jan tirela daga Aba zuwa Kano. Yanzu mai tallan ayaba na wuce ni da tire a ka, har ta waiwayo ta ce sannu Papa. Nwogu kullum sai ya kaɗa mini ƙararrawa. Kin tambaye ni kafin ki ɗaure ni?"

Ban tambaye shi ba, Dede. Kuma akwai laifin da ba wanda ya gano sai ni: ban sa masa makashin da zai yanke batir kai tsaye ba. Da akwai shi, da mari ɗaya ya tsayar da keken. Wannan yana cina. Amma fushina bai sauka ba. Na gaya masa ba zan taɓa keken ba sai ya wanke sunana a inda aka ɓata shi. Ya ce uba ba ya ba 'yarsa haƙuri a bainar jama'a. Na ce to 'yar ma ba ta gyara keke a ɓoye. Na ɗauko jakata na fito.

Taka,
Ulumma

Aba, 9 ga Yuni

Yayana Dede Okezie,

Gaisuwa gare ka da Ugonma da yara. Papa ya dawo gida, kafaɗa na haɗuwa.

Mako uku ya yi a kujerar katako, sai an ɗauke shi an ajiye. Ni ke yi masa wanka, ni ke dafa masa abinci, ba mai ce wa wani komai game da keke. Ranar taron dangi ya ce a fito da shi. Ana cikin maganar rufin coci ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Keken Ulumma bai yi laifi ba. Direba ne ya yi ganganci, kuma ni ne direban." Daa Erinma ta ce ai ita dama ta san halinsa tun suna yara. Haƙurin da na samu daga gare ta ke nan.

Washegari ya sa na kai shi har gidan shugabar ƙungiyar, ya maimaita mata. Ta ce in fara da biyu, ta gani.

Na canza transisto da burushi, na sa fiyus na gaskiya, na ɗaura jan makashi ƙato a gaban gwiwarsa. Murfin akwatin kuwa ƙusar ribit na buga masa, sukudireba ba ta da aiki a wurin. Kafin in rufe, na kai shi filin makarantar firamare. Yana tuƙi, ina tsayar da shi ina ƙara sukurun kaɗan-kaɗan, yana cewa, "Ƙara, yarinya, ƙara!" Na bar shi daidai inda in na cire takalmi na sheƙa da gudu zan iya kamo shi. Ya ce rowa ce. Amma sai da ya zagaya filin sau shida, yana waƙar da ban ƙara ji a bakinsa ba tun rasuwar Mama.

Saura kai. Na ɗora maka laifin da ba ka yi ba, ka yi haƙuri. Na rubuta sau ɗaya, kada ka ce in maimaita a waya. Ka zo ƙarshen wata, yana tambayarka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Ulumma