Naman Watanda a Firijin Sansani

Sansanin haƙar rijiyar foraj, yamma da Belbeji
Juma'a, 24 ga Janairu

Zuwa ga uwar 'ya'yana Salamatu,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Zuhaira da Sahabi. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ni lafiya lau, sai kewarku. Waya a nan sai an hau tudu, in ma an hau mutane na tsaye kusa da kai, shi ya sa na fi son in rubuto in ba Dado direban tankin mai ya kawo miki in ya shigo Tanut.

Kin tambaye ni labarin baƙin da muke aiki da su. Su tara ne, duka 'yan Nepal. Da na ɗauka jama'a ɗaya ce, ashe ba haka ba ne. Shef ɗinmu, wato shugaban aiki, Lokanat, da ɗan ƙanwarsa mai tuƙa injin haƙa daga manyan gidaje suka fito, masu littafi da ofis. Sauran bakwai ɗin ƙabilun kan duwatsu ne, kowa da yarensa. Babbansu Furba, ɗan ƙabilar Tamang, sa'ana ne. Shekararsa takwas a kamfani yana ɗaukar bututu, ɗan ƙanwar Shef da ya zo bara kuwa yana zaune kan inji. Hausarsa a karye take amma tana isa. Malam Biro yake kirana, wai bai taɓa ganina ba littafi a hannu ba, ko kashi zan je sai na rubuta ƙarfe nawa.

Suna da ƙungiya ta 'yan asalin ƙasarsu mazauna waje, masu neman kada yarukansu su mutu, kuma a daina mayar da su baya wajen aiki. Tana da rassa a ƙasashen Larabawa, su kuma suna son su buɗe nasu a nan. Furba ya ce ɗansa na can gida in ya yi masa magana da yaren Tamang a waya, da yaren makaranta yake amsawa. Na tuna yadda Sahabi yake amsa wa kakarsa.

Sun roƙe ni na rubuta musu takarda da Faransanci zuwa ga darakta a Damagaram. Abu biyu suke nema: a ba su ranar sabuwar shekararsu, Alhamis mai zuwa, kamar yadda aka ba Shef ranar bikinsa da kaka, kuma koyon inji ya bi daɗewa a aiki. Na rubuta. Tun ranar Shef yake amsa gaisuwata da ka. Ban sani ba ko na yi daidai. Mutumin nan shi ya zauna kaina lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni.

Furba yana son naman sa a bikin. A ƙasarsu, in ji shi, ana ɗaure mutum kan yanka saniya, alhali kakanninsa sun ci. Mutanen ƙauyen nan za su yi watanda ranar Talata, na sa Audu mahauci ya cire musu kaso biyu.

Ki gaishe da Inna da yaya Mailafiya. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Abdulgani

Juma'a, 31 ga Janairu

Salamatu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da yara da Inna. Jikina lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai, kada ki ba Zuhaira ta karanta miki don ganin rubutun ya yi ƙanana.

Na yi wani abu, kuma har yanzu ban faɗa wa kowa ba.

Furba ya ja mini kunne tun kafin a yanka san. Ya ce naman ya zauna wurin Audu, kada ya shigo sansani ko ƙofa, a wajen shinge za su dafa ƙarƙashin aduwa. Na ji, har na rubuta. Talata bayan la'asar na leƙa gidan Audu, na tarar da naman a kwano an rufe da tsumma, ƙudaje sun yi masa baƙi. Na lissafa, kwana biyu kafin Alhamis. Na ce a raina mutanen nan shekara guda suke jiran wannan rana, ba za su ci ruɓaɓɓe ba. Kin san makullan sito da na ɗakin girki a hannuna suke. Kowa na bakin inji. Na ƙulle naman a leda biyu na tura can ƙasan firij, bayan kabeji, da niyyar in fitar da asubar Alhamis.

Laraba da safe ɗan ƙanwar Shef ya je ɗauko nonon da Shef yake karya kumallo da shi, ya ga jini ya tsiyayo har ƙarƙashin kwanon.

Salame, ni a wurina nama nama ne, firij kuma wurin sanyi. Ban taɓa kawo wa raina yadda abin yake a wurin Shef ba. Saniya kamar uwa take gare shi. Ki ɗauka wani ya sa naman alade a tukunyarki, kuma kin riga kin ci abincin daren jiya daga cikinta. Shef ya fito, ya je bayan tanki ya yi amai. Da ya dawo ya tara mu duka, har sojojin da ke rakiyarmu, ya nuna Furba da yatsa. Yarensu suka yi, ban ji ba, amma daga baya ya juya ya faɗa da Faransanci don mu ji: wai wannan ne aikin ƙungiyar, takarda a gaba, ƙazanta a baya. Furba ya ce bai kawo ba, bai aika a kawo ba. Sau uku ya faɗa. Ina tsaye nan da littafin kiran suna a ƙirjina. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban buɗe baki ba. Na yi ta cewa bari ya huce tukuna.

Shef ya soke rabin yinin da ya yarda ya ba su. Jiya sun yi aiki har magariba ta kusa, sannan suka fita bakin aduwa da kayan aiki a jikinsu. Furba ya kaɗa wata 'yar ganga mai fuska ɗaya, faɗinta kamar faifai, suka yi waƙa ƙasa-ƙasa, suka riƙe ƙyallen da suka rubuta sunan reshensu aka ɗauki hoto. Shinkafa da wake suka ci. Naman kuwa sojoji ne suka gasa shi, ɗaya har yana ce mini, Malam, in da saura a firij a taimaka.

Yau Shef ya kira ni. Ya rubuta wa darakta cewa da gangan Furba ya yi, yana son a mayar da shi ƙasarsu. Ya ce in juya takardar zuwa Faransanci, in sa hannu a ƙasa a matsayin shaida, tunda ni na san maganar naman tun farko.

In na faɗi gaskiya aikin nan ya tafi, kin kuma san yaya Mailafiya ne ya tsaya mini aka ɗauke ni. In na yi shiru Furba ya tafi. Ki aiko mini da amsa ta hannun Dado.

Naki,
Abdulgani

Litinin, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga Salamatu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Na ji daɗi da kika ce Inna ta fara taka ƙafar. Takardarki ta iso jiya tare da yajin, na gode.

Na karanta ta sau huɗu. Kin ce mutumin da yake rubuta ranar da kaza ta fara kwanci bai kamata ya tambayi mace abin da ya faru a firij ba. Na yi dariya, sannan na kasa cin abinci. Kin kuma ce ba za ki ce mini in yi ko kada in yi ba, domin ke za ki auna hatsi in na dawo gida hannu sake, kuma ke za ki kwana da ni in na dawo da aiki. Na so a ce kin zaɓa mini.

Na juya takardar Shef. Hannu ne ban sa ba. Na ce masa ina son in sake duba kurakurai. Ya dube ni ya ce, Abdu, layi tara ne. Ya rame. Ya sa an fitar da firij ɗin an ajiye a rana, ba ya cin komai daga ɗakin girki, shayi da biskit kawai yake sha a ɗakinsa. Ba mugu ba ne, Salame, ya yarda da abin da ya rubuta. Takardar ta tafi ba sa hannuna, ya ce zan faɗa da baki. Darakta zai zo jibi Laraba da mota, an ce Furba ya haɗa kayansa.

Jiya da hantsi Furba ya same ni a sito ina jera man inji. Bai ce Malam Biro ba. Ya ce Abdulgani, ɗakin girki makulli nawa ne. Na ce biyu. Ya ce ɗaya wurin Shef. Na ce e. Ya tsaya yana kallon aljihuna. Ya riga ya je wurin Audu, ya san komai.

Na tambaye shi don me bai faɗa ba. Ya ce in shi ya faɗa, za a ce ɗan dutse ya yi ɓarna ya ɗora wa ɗan ƙasa, kuma Audu ba zai tsaya gaban sojoji ya tona ɗan'uwansa don baƙo ba. Ya ce in aka kore shi, sauran shida za su goge sunansu daga ƙungiya a ranar, domin kowa na da iyali, kuma labarin zai riga shi isa gida: an ba su hutu sun zuba wa mutum jinin saniya a abinci. Sannan ya ce, "Ni ba na faɗa. Kai kana da baki, kana da biro." Ya fita.

Na buɗe littafina a shafin Talata. Ga shi da rubutuna: ƙarfe huɗu da rabi, na ɗauko nama gidan Audu, na sa a firij. A saman wannan layin ga kashedin Furba. Na kama shafin zan yage, har ya fara tsagewa daga sama, na bari. Ba don kirki na bari ba. Tsoro na ji kada wani ya lura lambar shafi ta yi tsalle, alhali ba mai duba littafin nan sai ni.

Ki yi mini addu'a. Kada ki ce wa yayanki komai tukuna.

Mijinki,
Abdulgani

Laraba, 5 ga Fabrairu

Salamatu,

Sallama da fatan alheri gare ki da yara da Inna. Wannan gajeriya ce, Dado na shirin tashi, ina son ta riga ni isowa.

Darakta ya iso da hantsi. Aka sa kujeru a inuwar tanki. Furba ya zo da jakarsa ya ajiye a gefen ƙafa. Shef ya yi bayani, Furba ya ce bai yi ba, sannan darakta ya juyo ya ce, to mai shaida. Na shirya kalmomi tun jiya, duka suka gudu. Sai kawai na buɗe shafin na karanta kamar ɗan makaranta, da ƙarfen da komai. Soja ɗaya ya kawar da kai.

Darakta ya karɓi littafin ya karanta da kansa. Ya tambaye ni ko wani ya sa ni, na ce ƙudaje na gani. Ya tambaye ni tun yaushe na san ana zargin wani, na ce tun Larabar da ta wuce. Ya ce naman kuskure ne, kwana bakwai ɗin kuma fa?

Shef bai yi mini faɗa ba, na so a ce ya yi. Cewa ya yi, Abdu, kana kallona ina shan shayi. Daga nan ya miƙe ya je gaban Furba ya yi masa magana da yarensu, gajeriya, a gaban kowa. Ban san me ya ce ba. Furba ya ɗauki jakarsa ya mayar ɗaki, sauran shida suka bi shi.

Maganar hutu da koyon inji darakta ya ce zai duba, bai yi alkawari ba. Furba ya ce masa za su sake tambaya.

An karɓi makullan. Darakta ya ce ba zai iya barin su a hannun wanda Shef ba zai ƙara cin abinci a bayansa ba. Ban yi musu ba. Na je yi wa Furba sallama a bakin inji, yana riƙe da bututu. Na ce ya yafe mini. Ya ce kwana bakwai da yawa, Malam Biro. Bai ce ya yafe ba, bai saki bututun ba, amma da sunan ya kira ni.

Motar da aka kawo don ta ɗauki Furba ni za ta ɗauka. Darakta zai kwana a Belbeji, gobe za su sauke ni a tashar Tanut kafin azahar. Kada ki aiko kowa tarye. Gidan yaya Mailafiya zan fara zuwa in faɗa masa da bakina, sannan in iso.

Ki gaishe da Zuhaira da Sahabi. Allah ya kai mu goben lafiya.

Mijinki,
Abdulgani