Kuncin Baba na Hagu

Talata, 4 ga Mayu
Da safe ina yi wa Baba aski reza ta kama kuncinsa na hagu. Bai ko motsa ba. Na ce Baba sannu, ya ce sannu da me? Na leƙa hancinsa, ga wani baƙin ɓawo ciki kamar an ƙona. Na gaya wa Yaya. Wai hayaƙin turare ne, kuma yaushe mai wankin mota ya zama likita. Na ce to.

Alhamis, 6 ga Mayu
Farar ƙwayar nan dai. Da aka sallamo Baba bayan muguwar murar da ta kai shi ga shaƙar iskar oksijin ta kwalba, kwana biyar aka ce ya sha ta. An shiga mako na huɗu. Yaya ke sayowa a kemis, don tana sa Baba cin abinci, a ga ɗansa na kula da shi. Maganin ciwon sugansa kuwa Gwaggo ta sa an ajiye, wai magani biyu faɗa suke a ciki.

Asabar, 8 ga Mayu
Idon Baba na hagu ya kumbura. Baba na ganin Umma biyu. Ya ce ɗayar ma da ƙyar yake iyawa da ita. Aka yi dariya. Ban yi ba.

Lahadi, 9 ga Mayu
Asibiti. Likita ta ce fumfuna ce, irin ta burodi, ta shiga ramukan hanci tana cin nama. Mura ta kassara shi, ƙwayar ta kwantar da garkuwar jikinsa ta kuma hau da sugan, ita kuwa fumfuna suga take so. Ta tambaya yaushe aka fara ganin baƙin. Yaya ya ce jiya. Jiya! Na kalli ƙasa, tayil ɗin ya tsage a gefe.

Laraba, 12 ga Mayu
Sun cire idon. Da ɗan ƙashin kunci.

Juma'a, 14 ga Mayu
'Yan dubiya cike da baranda. Ina ji Yaya na cewa ai yaron da ke masa aski bai lura da komai ba. Gwaggo ta ce ƙaddara. Ita ce ma ta fi kowa kuka.

Litinin, 24 ga Mayu
Baba ya ce in yi masa aski, rabin fuska rabin kuɗi. Yaya ya shigo ya ɗauki kwanon ruwa ba wanda ya sa shi. Ruwan na ta zuba a zanin gado. Ban karɓe ba. Ban kuma ce masa to ba. Na ce, tun ranar Talata aka ga baƙin nan, Yaya, ba jiya ba. Bai musa ba.

Ba ni kaɗai na gani ba a waccan Talatar. Umma na bakin ƙofa da buta a hannu. Ta ga rezar, ta ga Baba bai motsa ba.