Zaren Zinaren da ke Goshin Umma

Jeonju

Zuwa ga Yayana Seong-pil,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin Kanada bai takura muku ba. Mu nan da sauƙi, ban da Umma. Ko kunun shinkafa sai na tsaya a kanta take kurɓa, kuma wallahi tsoro nake ji.

Ka san tun rasuwar Baba ciwon damuwar nan ya ƙi jin magani. Likita ya ce hanya ɗaya ta rage da yake sa wa rai: a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta, a gano daidai wurin da ya yi sanyi, a riƙa ɗora na'urar maganaɗisu a kai tana zaburar da shi. Da aka tambaye ta ko akwai ƙarfe a jikinta, ta girgiza kai. Sai Gwaggo Bun-i da ta raka mu ta saki baki yadda ta saba, wai ai ɗan zaren zinaren nan ba zai hana ba ko? Ashe shekarun baya da ciwon kai ya addabi Umma, wani mai maganin gargajiya na allura ya cusa mata siraran zaren zinare ƙarƙashin fata, irin wanda tsofaffi ke sawa a gwiwa. Da aka haska, ga su nan birjik a goshi ta hagu, daidai inda na'urar za ta zauna. Likita ya ce sai an cire, kada su ɗauki zafi su ƙona ta.

Umma ta ce ba mai taɓa mata kai. Na yi lallashi, na yi faɗa, Gwaggo tana gefe tana mini tsiya wai na zama 'yar aiken likita. A mota Umma ta faɗa mini dalili. Baba ne ya kai ta wurin mai allurar, shi ya riƙe mata kai da hannu biyu, yana zolayarta wai yau ya zama mijin mace mai tsada. Ta ce tufafinsa mun ƙona bisa al'ada, gidan mun sayar, wannan kuma shi ma sai mun raba ta da shi?

Kullum ƙara ramewa take, jiya ko tashi daga shimfiɗa ba ta yi ba. Abin da na samu daga bakinta kawai shi ne, in babban ɗanta ya ce a cire, za ta kwanta a cire. Ni na san ta faɗa ne don ba ka taɓa iya musa mata ba. Ka kira ta, Yaya. Za ta yi kuka, wataƙila ta daina ɗaukar wayarka. Duk da haka ka ce a cire.

Ka gaishe mini da matarka Na-gyeong, da Ha-ram da Si-on. Gwaggo ma tana gaisuwa.

Ƙanwarka da ta zuba wa waya ido,
Ye-sol