Ragon Layya da Bishiyar Rauda

Anti Jannat, don Allah ki taimaka mini kafin maigidana Malam ya aro gatari.

Ni mai sayar da zoɓo ce a Sabo, nan Ibadan. Shekarar da na haifi autata Rauda, maigidana ya shigo da wani ɗan tsiro a leda, wai mai fure a Mokola ya ce sunansa kirep-matil. Dariya na yi, na ce abin da ba a miya da shi me zan yi da shi? Yau bishiyar ta wuce katangarmu. Da damina sai ta rufe da fure ruwan hoda mai tattara kamar bakin leshi, har Iya Basira maƙwabciyarmu ke turo jikokinta ɗaukar hoto. Wallahi ina son bishiyar nan.

To ga abin farin ciki: Rauda ta dawo gida goyon ciki, haihuwa saura kamar wata biyu, kuma ta ce a gindin bishiyarta za a yi taron suna. Ana cikin haka Malam ya ɗaure ragon layya a jikin bishiyar. Bayan Sallah sai ga ɓawonta yana ɗayewa sala-sala, furen ya ƙare, sai wasu ƙwallaye. Na ce ragonsa ne ya ci, ya rantse dusa kawai ya ci. Na shafe ta da man kaɗe kamar mai ƙyasbi, na naɗe da tsohon zani, yara na ta yi mini dariya. Yanzu ya ce tunda ta mutu a sare a kafa rumfar baƙi. Ni kuwa tun daga ranar nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, kuma ba na jin daɗin hakan. Yaya zan yi?

Mai Zoɓo, Sabo

Mai Zoɓo, barka da arziki tun yanzu, Allah ya sauki Rauda lafiya.

Ki kwantar da hankalinki, bishiyarki wanka take yi. Irinta in ta girma takan zubar da tsohon ɓawo, sabo mai santsi ya fito. Ki kwance zanin nan yau, ki wanke man da ruwa, don danshin da yake riƙewa shi zai ruɓar da ita. Sannan ki kankare ƙaramin reshe da farce. In kin ga kore, tana raye. Cizon rago daban yake, za ki ga sawun haƙori har cikin farin itace.

Ƙwallayen kuwa iri ne. Ki yanke su da almakashi, ki zuba ruɓaɓɓen taki nesa kaɗan da gindi, kada ruwan wanki ya je wurin. Sau da yawa takan sake fure kafin damina ta wuce, ko da yake ban yi miki alkawari ba.

Malam ya yi kuskure, bishiyar ado ba turke ba ce. Amma yana da gaskiya a kan rumfa, baƙi ba za su zauna cikin ruwan Ibadan ba. A kafa ta gefe inda ba za ta tare rana ba, don bishiyar nan ba ta fure a inuwa.

Ki haɗa masa zoɓo mai sanyi, ki kira shi ya kankare reshen da hannunsa. Kada ki manta, mutumin da ya ɗauko ta a leda ranar da kike dariya shi ne wannan. Allah ya sa jikanku ya buɗe ido ya ga fure.

Anti Jannat