Yatsu Tara Sun Ishe Ni

Ƙanena Bakari,

Gaisuwa mai yawa daga Amurka. Ya Inna, ya matarka Habibatu da mutanen Miri?

Ina lafiya. Kada rubutuna ya tsorata ka, da hagu nake yi. Duk karatuna, ga ni ina shara a filin koyon harbi. Wani gwani ya ɗura wa harsashinsa albarushi sau biyu, ƙaramar bindigarsa ta tarwatse, guntun ƙarfe ya tafi da yatsana ɗaya. Na kusa warkewa.

Habibatu ta ce har yanzu da kanka kake ɗura harsashin gadin gona, kana auna albarushi da ido, kai da ko sukarin shayi ba ka iya aunawa. Don Allah ka bari. Ni tara sun ishe ni jan carbi. Kai manomi ne, duk goman kake buƙata.

Kada Inna ta ji. Allah ya tsare ku.

Yayanka,
Ɗanlarai