Makarar Baba a Bakin Gada

Asabar, bayan isha'i.

Yau muka binne Baba, amma ba kusa da Inna ba. Maƙabartarmu tana ƙetaren kogi, gindin dutse, ɓangaren Najeriya. A da ta cikin ruwa muke haye da gawa, ba mai tambaya. Tun da aka gina gada aka hana bin ruwa.

Wani jandarma ya tare makara, wai ina takardar fitar da gawa. Baffa Sali ya ce, "Ɗana, wajen matarsa za shi." Ya ce sai Litinin. Rana ta take, muka juyo muka binne shi a nan ɓangarenmu.

Baba ne ya fi kowa murnar gadar nan, yana cewa ranar kai shi maƙabarta ba za mu jiƙe ba. Ba mu jiƙe ba kuwa.