Mabuɗin Sito

Asabar, 2 ga Maris, 1996
Yau na ga abin da ya ishe ni. Mista Adebayo, mai gidan burodinmu, ya ɗauko wata Madam Ijeoma daga Abuja, wai ta koya mana shugabanci. Na ɗauka manya ake nufi, ni da akawu. Ashe har da masu kwaɓi, da direba, da mata masu sa burodi a leda. Benci ɗaya aka jera mu. Ni Jibrin, oga guda, kafaɗata na gogar ta Ambrose mai shafa wa gwangwani mai! Gaisuwar ma da yake rusunawa ya yi mini, yau a zaune ya yi ta.

Litinin, 4 ga Maris
Saƙo daga Lambata, jikin Baba ya sake tashi. Na ba Isiyaku direba magani ya kai, tunda can yake sauke burodi. Ni ina na ga ta tafiya? Ina juya baya ko ashana ba mai ƙyasta wa tanda. Komai sai "bari Oga ya zo".

Asabar, 9 ga Maris
Sabon salo, kiran salla da usur. Wai kowace rana mutum ɗaya zai rataya mabuɗin sito, shi zai auna fulawa da yis, shi zai raba aiki. Ni kuma in koma gefe, ba umarni, sai tambaya kawai. Mabuɗin da tun da aka gina tandar nan bai bar wuyana ba.
Na ce, "Madam, nan fa ba makaranta ba ce."
Ta ce, da Hausarta mai karkata, "Oga Jibrin, ranar da kai ba ka zo ba, wa zai yi aikin? Who go do am?"
Na ce ban taɓa fashi ba. Sai ta ce wai abin da take faɗa ke nan. Mace sai baki.

Laraba, 13 ga Maris
Ranar Ambrose. Ya cika wa tanda itace kamar mai gasa bijimi. Ina jin ƙauri, bakina na ƙaiƙayi, Madam na tsaye a kaina. Abin da aka yarda in ce kawai, "Me kake gani za a yi?" Me yake gani? Hayaƙi yake gani! Zubin farko kaf ya zama gawayi. Mista Adebayo ya duba, ya ce wai da koyo akan iya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko abincin rana ban ci ba.

Alhamis, 21 ga Maris
Ranar Lidiya mai leda. Aka ɗauke wuta, injin kwaɓi ya tsaya. Ta waiwayo ta dube ni, na kau da kai da gangan, ina jiran ta zo ta roƙa. Ba ta zo ba. Ta ce a kwaɓa da hannu, ta raba ƙartin nan biyu-biyu, suka bi ta. Ko kallona ba wanda ya yi. Wallahi wannan ya fi ƙonar Ambrose yi mini ciwo.

Talata, 26 ga Maris
Isiyaku ya ce Baba na ta kiran sunana. Matata Hadiza ta ce, "Malam, burodi ne ya haife ka?" Na daka mata tsawa. Ta ci gaba da ninke mini kaya a jaka.

Laraba, 27 ga Maris
Na wurga musu mabuɗin a kan tebur, na kama hanyar Lambata. Su ƙone gidan in sun ga dama.

Litinin, 1 ga Afrilu, Lambata
Baba ya rasu jiya bayan la'asar, kansa a cinyata. Allah ya jiƙansa. Ya gane ni, mun yi hira kwana da kwanaki. Ranar da na iso ya ce, "Wa ka bar wa tandar?" Na ce akwai mutane. Ban san lokacin da bakina ya faɗi haka ba.

Laraba, 3 ga Afrilu
Sadakar uku. Isiyaku ya zo da burodi cike da kwali, wai daga ma'aikata, a raba wa masu gaisuwa. Na ɗauki ɗaya na koma bayan ɗaki. Na juya gindinsa, bai ƙone ba. Na matsa, ya taso. Na gutsura. Gishiri ya ɗan yi yawa, ko kuma bakina ne.
Isiyaku ya ce suna tambayar yaushe zan dawo. Na ce sai bayan sadakar bakwai, ba inda nake sauri.
Na ce, "Gobe ranar wa ce?" Ya ce ta Ambrose.
Na ce, "Gaya wa wannan sakaran ya rage itace a zubin farko." Har ya tayar da mota na buga masa ƙofa. Na ce kada ya gaya masa komai, ya dai tambaye shi me yake gani za a yi.